Ranar da Na Janye Teku a Cikin Baho

Duk Asabar ɗin da mu Hausawan Landan muka taru a zauren da muke haya a Lewisham, sai an sami yarinya ɗaya da za ta tambaye ni aikina. In na ce ina tantance dodon koɗin teku a gidan adana halittu, sai ta ɗaga waya tana dariya, ta amsa mini da Turanci cewa ai wannan ɗaukar hoto ne kawai, waya ta faɗi suna. Ba na ganin laifinta. Ni ma da na fara haka na ɗauka: a kalli abu, a buɗe littafi, a rubuta suna. Shekarata tara ke nan a wannan aiki, kuma don ku 'yan matan nan nake wannan rubutu, ko da yake na san rabinsa sai iyayenku sun karanta muku.

Aikin farko da aka ba ni shi ne wankin kwalabe. Na zo da takardun digirina a jaka, sai Misis Pat, tsohuwar Baturiyar da aka sa ni a hannunta, ta nuna mini famfo da kwanduna. Wata biyu ina wankewa ina kifewa. Daga nan ta ba ni fensir da 'yan takardu ƙanana kamar tikitin mota, ta ce in koyi rubutu. A sana'armu, takardar suna cikin kwalba ake jefa ta, ta zauna tare da halittar a sifirit, ruwan maganin da ke hana ta ruɓewa. Tawadar biro tana narkewa a sifirit ta bar takarda fara fat, fensir kuwa yana nan ko bayan shekara ɗari. Wanda ya liƙa takarda a bayan kwalba, ranar da gam ya saki ya mai da halittar marainiya. Ba a san gaɓar da aka ɗauko ta ba, ba a san wanda ya ɗauko ta ba, ba ta da sauran amfani ga kowa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai madubin ƙara girma mai ido biyu, da matsefata biyu, ɗaya mai tsinin baki, ɗaya mai laushi wadda ba ta fasa ɓawo. Akwai burushin zane mai siririn gashi, da shi ake juya halitta a faranti, domin yatsa ya yi mata nauyi. Sai allura da aka kafa a tsinke, da littafin zane. Misis Pat ba ta yarda in furta sunan komai sai na zana shi. Takan ce wanda ya ɗauki hoto bai kalla ba tukuna, amma mai zane dole ya bi kowane layi da idonsa. Wata rana na ba wani ɓawo suna cikin minti biyar, na kai mata ina jin kaina. Ta karɓa, ta juya bakinsa ya fuskance ni. Murɗinsa hagu ya yi, wanda na ambata kuwa dama yake yi. Na koma teburina na fiƙe fensir.

Masu kawo mana aiki iri-iri ne. Akwai masu nutso da suka dawo hutu da hotuna masu duhu, suna so a ce sun gano sabon abu. Akwai ɗalibai. Akwai wata mata da ta kawo wuri, irin na kuɗin dā, a gwangwanin alawa, na kakarta, tana so ta san tekun da ya fito, ko za ta san inda kakar ta taɓa zama. Amma aikin da ke hana mu sakewa shi ne na jami'an da ke duba kayan ruwa masu rai da ake shigowa da su ƙasar. Su in sun aiko da abu, amsarmu ce ke sa a saki kaya ko a hallaka su.

Shekarar kullen korona ita ce shekararmu mai muni. An rufe ginin watanni, mu kuwa kwalabenmu kamar tukunyar miya suke, sai ana leƙawa ana ƙara ruwa. Robar tsofaffin murafe ta bushe, sifirit ya bi iska. Da muka dawo, kantar da ke kusa da bututun ɗumama ɗaki ta fi shan wahala, kuma a nan halittun ƙasashe masu zafi suke. Wasu sun ƙanƙance sun zama kamar busasshiyar kuɓewa. A ƙarshen shekarar Misis Pat ta yi ritaya, aka bar ni da mazurari da jarkar sifirit. Shekara guda na yi ina bin kwalabe ɗaya bayan ɗaya, ina ceto abin da zai cetu. Kuma da yake sai na buɗe kowace kwalba, sai na karanta kowace takarda. Ban taɓa yin karatu mai amfani irin wannan ba.

A cikinsu akwai wata 'yar kwalba da wani matuƙin jirgin ruwa ya cika tun zamanin da, a wani tsibiri mai zafi. Halittun ciki ba su wuce ƙwayar wake ba. A dangin dodon koɗin teku akwai waɗanda suka kama hanyar rabuwa da ɓawo. Wasu sun yar da shi gaba ɗaya suna yawo tsirara, wasu sun riƙe ɗan ƙarami a gadon baya, wanda bai isa su shige ciki ba, kamar babba ya ɗora hular yaro. Waɗannan na kwalba daga masu 'yar hula suke. A littafi sunansu Smaragdinella, saboda da ransu kore ne shar, ko da yake sifirit ya mai da nawa launin ruwan shayi. Matuƙin ya rubuta da fensir cewa a saman duwatsun gaɓa ya same su, inda ruwa ke kaiwa sai teku ya cika. Ba a ganinsu in ruwa ya rufe dutse, sai ya janye ya bar shi da danshi suke fitowa kiwo. Na zana ɗaya, na cika kwalbar, na wuce ta gaba.

Shekara biyu bayan haka, ranar wata Litinin, aka ajiye mini ambulan a tebur. Ɓawo biyar ne ƙanana a ciki, babu nama, daga wurin ajiye kayan ruwa da ke kusa da filin jirgi. An kankaro su ne daga duwatsun teku masu gansakuka, irin waɗanda masu kiwon kifin ado ke sawa a tankunan gilashi. Jami'in da ya aiko ya rubuta cewa yana zargin 'ya'yan ɗan silifas ne. Ɗan silifas wani dodon koɗi ne da ɓawonsa ke da 'yar kanta a ciki, in ka kifa shi sai ka ga kamar silifas. Baƙo ne a ruwan ƙasar nan, ya riga ya yi ɓarna a wasu gaɓoɓi, yana taruwa ya danne halittun gida, don haka ba a wasa da maganarsa. Takardar ta ce in ba a sami wata hujja ba zuwa Alhamis, za a zuba wa duwatsun magani a kashe duk abin da ke jikinsu. Ba nan ta tsaya ba. Akwatin farko na kayan ya riga ya shiga tankunan shagon mai su a Dagenham, saboda haka can ma za a kwashe ruwa a wanke komai da magani.

Ranar Talata da safe mai gadi ya kira ni, wai wani dattijo yana nemana a ƙofa. Na sauko na tarar da mutum dogo, da farar hula da jaket mai kauri a kan jallabiya. Ya ce shi ne Alhaji Mumuni, mutumin Zangon Kumasi, mai shagon kifin. A masallaci ya ji cewa akwai 'yar Kano da ke duba katantanwa a wannan gini, ya ce bari ya zo da ƙafarsa. Da irin Hausarsu ta Zango ya tambaye ni:

"Malama Hauwa, kai ne za ka duba kaya na?"

Na ce ni ce, Baba. Muka gaisa, ya tambayi iyayena, na tambayi iyali. Sannan ya ba ni labari a tsaye, bai yarda ya zauna ba. Shekara ashirin da biyu yana kiwon kifi, ya fara ne da wanke tankuna a shagon wani. Duwatsun da aka tsare ba su dame shi sosai ba, in sun tafi wasu za su zo. Tankunan shago ne damuwarsa. Ruwan teku na tanki ba a haɗa shi rana ɗaya, sai ya yi watanni yana nuna kafin kifi ya zauna lafiya, kuma ba shi da inda zai kai kifayen su jira. Ya ce akwai wasu kifaye biyu, mata da miji, masu launin ruwan lemo da farar ɗamara, da suka girmi autarsa. In aka kwashe ruwan, ba za su kai mako ba.

Na ce masa, "Baba, gara in faɗa maka tun yanzu. In ɗan silifas ne, ɗan silifas zan rubuta."

Ya ce, "Na sani. Ni ban zo roƙo ba. In za a yanka mutum, ai yana so ya ga mai wuƙan yana salla."

Na koma sama na sa ɓawon a ƙarƙashin madubi. Bambancin da nake nema ƙarami ne. Kantar ɗan silifas shimfiɗaɗɗiya ce, ta kama ɓawo ta gefe biyu. Ta koren nan na kwalbar matuƙin jirgi kuwa, wanda nake zargin shi ne, daga gefe ɗaya take tasowa, ta lanƙwasa kamar cokali. Matsalar ita ce da wuƙa aka kankaro su, kuma daidai wurin suka fashe. Huɗu ba su da abin da za su faɗa. Na biyar yana da rabin wani abu da zai iya zama cokali, zai iya zama karyayyiyar kanta. Na kashe fitilar sama, na haska shi ta ƙasa, sai na ga wani kore-kore a jikinsa, kamar gilashin kwalbar lemo da teku ya daɗe yana wankewa. Na ɗauko tsohon littafin zanena na ajiye a gefe. Zuciyata ta ba ni su ne.

Shugaban sashenmu na lokacin masanin ƙasusuwan dā ne, mutum mai adalci. Ya leƙa madubin, ya ce rabin cokali da ɗan launi ba su isa a soke zargin jami'i ba. In na sa hannu aka saki kaya, daga baya ya zama na yi kuskure, na buɗe wa ɓarna ƙofa, kuma ba wanda zai sake yarda da sa hannuna. Ya ce in kawo mai rai, ko in bar takardar yadda take. Ban taɓa sa hannu ni kaɗai a irin wannan takarda ba, da Misis Pat ce ke yi, bayan tafiyarta kuma shugaban.

Laraba na ɗauki jakata, na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa har ƙarshen layi, na hau bas. Wurin wani babban ɗaki ne mai sanyi, da bahunan roba shuɗɗa a jere, injuna suna ta gurnani. Jami'in saurayi ne mai jan gemu, ya karɓe ni da fara'a, amma ya ce na yi tafiyar banza. Kwana biyu yana haska duwatsun da tocila a cikin ruwa, bai ga ko ɗaya mai motsi ba, biyar ɗin nan ma a gindin akwati da jikin dutse ya same su. Alhaji Mumuni yana zaune a kujerar roba a bakin ƙofa, an ba shi izinin kallo amma ban da taɓawa.

Na duba bahunan. Kowanne an cika shi har baki, duwatsun suna can ƙasa, ruwa ya rufe su tun ranar da suka sauka. Haka ake yi, kuma daidai ne ga kusan duk abin da ke zuwa daga teku. Mai kifi da jami'i duk abu ɗaya suka sani: halittar ruwa, a ba ta ruwa.

Na roƙi baho ɗaya wanda ba komai a ciki, da siririn tiyo, da kwalbar fesa ruwa. Na naɗe hannun riga na dinga ɗaga duwatsun ina dubawa, har na sami guda uku masu fararen ƙuraje a jiki, wato gidajen wasu ƙananan halittu da ke manne wa dutse a can saman gaɓa. Yawancin gidajen ba kowa a ciki, sai ramuka. Na jera duwatsun a bahon, na rufe su da ruwansu, sannan na sa tiyo na fara zuƙe ruwan a hankali zuwa bokiti, na matse bakin tiyon da yatsa don kada ya yi sauri. Jami'in ya tambaye ni me nake yi. Na ce teku nake janyewa. Ya ce ko ya yo mini odar farin wata ma, tunda an ce shi ke jan ruwa. Alhaji bai yi dariya ba, carbi yake ja.

Rabin awa ruwan ya ɗauka kafin ya sauka. Duwatsun suka fito suna ƙyalli, gansakuka ta kwanta a jikinsu. Na durƙusa da gilashin hannu, ina fesa musu ruwa jefi-jefi kamar yadda igiyar ruwa ke yi. Minti ashirin, ba komai. Minti arba'in, wata 'yar tsutsa ta leƙo ta koma. Awa ɗaya ta cika. Jami'in ya dubi agogo, ya ce ba don ya kore ni ba, amma ƙarfe uku zai rufe takardun ranar. Alhaji ya miƙe, ya tambayi inda zai yi alwala, ya tafi ya shimfiɗa jaket ɗinsa a lungu ya ta da azahar.

Gwiwoyina suka fara ciwo, na dafa dutse ɗaya don in gyara zama. Sanyi ƙalau, kamar an ciro shi daga firji. A nan na gane abin da na manta. Na janye teku, amma ban kawo rana ba. A gaɓar da aka ɗauko dutsen nan, in ruwa ya janye, iska mai ɗumi da laima ce ke sauka a kansa. Ni kuwa na tsiraita shi a iskar Landan ta watan Nuwamba. Wace halitta ce za ta fito?

Na ce wa jami'in ya taimake ni da fitilar tebur da leda mai faɗi da ruwan ɗumi. Na tsoma kwalbar fesawa a ruwan ɗumin har ta yi kamar jikin mutum, na fesa, na rufe bahon da leda na bar 'yar kafa, na kunna fitila a sama. Ledar ta fara gumi. Muka sa ido ta kafar, kaina da nasa suna kusan karo.

Ba ta fi minti goma sha biyar ba. Daga cikin wani farin rami, wani abu kore ya turo kai. Kai ne mai faɗi kamar bakin shebur, babu ƙaho ko ɗaya, da ɗigon ido biyu baƙaƙe a sama. Ya fito gaba ɗaya, ya miƙe a kan dutsen, gefunan jikinsa biyu sun naɗo sama sun kama bakin 'yar hularsa, kamar mace ta riƙe gefen mayafi. Korensa irin na ganyen zogale ne bayan ruwan sama, da ɗige-ɗige masu duhu. Ya fara tafiya, sulu, yana kiwon gansakuka. Ɗan silifas yana da ƙahoni biyu, ɓawonsa ya rufe shi ruf, kuma ba ya yawo haka. Kafin in buɗe littafin zane, na biyu ya fito, sai na uku daga wancan dutsen. Da na gama zanen farko, bakwai ne suke kiwo.

Jami'in ya ƙirga su da yatsa ta kafar ledar. Daga baya ya yi dariya, ya ce kwana biyu yana nemansu, ashe suna kallonsa ta taga. Ya ɗauko waya ya fara ɗauka, ya ce zai nuna wa abokan aikinsa yadda ake yi.

Alhaji ya riga ya sallame, ya gama addu'a, yana naɗe jaket. Na ce, "Baba, zo ka ga masu laifin."

Ya zo ya durƙusa da ƙyar, na ba shi gilashin hannu. Ya kalla, ya kalla, har na ɗauka ya manta da mu.

"Wannan ɗan abu ne ya hana ni cin abinci kwana biyar?"

Na ce shi ne.

"Yana cin kifi?"

Na ce gansakuka kawai yake ci, kuma ko an jefa shi a kogin garin nan, sanyi zai kashe shi kafin ya kai ƙasa. Ya gyaɗa kai, ya ce Alhamdu lillahi a hankali, ya miƙa mini gilashin. Sannan ya juya ya yi wa jami'in godiya da Turanci, ya ce yaro ya yi aikinsa, ba wanda ya zalunce shi.

Aikina bai ƙare a nan ba, kuma wannan ne ɓangaren da ba a gani. Ido ya gamsu, amma takarda tana son fiye da haka. Na ɗauki guda ɗaya a kwalba na koma da shi. Na sa shi a ruwan gishiri mai sa barci har ya saki jiki, sannan na buɗe shi da allura a ƙarƙashin madubi. Ɓawon ya fito cikakke, ga cokalinsa ya taso daga gefe ɗaya, ba karaya. A cikinsa na sami 'yan faranti uku masu tauri da yake niƙa abinci da su, waɗanda danginsa ke da su, ɗan silifas kuwa ba shi da su. Na zana duka, na haɗa da hotunan jami'in. Shugabanmu ya duba, ya miƙo mini biro, ya ce wannan takarda tawa ce. Alhamis da hantsi na sa hannu. Kafin la'asar aka saki duwatsun, aka soke zuwa wanke tankunan shagon.

Bayan wata guda na je Dagenham, domin Alhaji ya aiko sau uku. Shagon ƙarami ne, tsakanin mai aski da mai gyaran waya, ciki shuɗin haske da ƙarar ruwa. Ya kai ni gaban tsofaffin kifayensa biyu, suna nan suna kai da kawowa a ruwansu na dā, ya gabatar da ni gare su kamar surukai. Sannan ya ja ni can ƙurya. Ya ware tanki guda, ya jera duwatsun nan uku, ya rufe da gilashi, ya sa fitila mai ɗumi. A gefe ga tiyo da bokiti a rataye. Wani Bature ya tsaya yana kallon korayen suna kiwo, ya tambaya ko na sayarwa ne, Alhaji ya ce a'a, waɗannan baƙinsa ne.

Na ce masa akwai injin da zai riƙa rage ruwan yana mayarwa da kansa, ba sai ya wahala ba. Ya ce ya sani, ya gani a kasuwa, amma ya fi so ya yi da hannunsa. Saboda haka yanzu a Dagenham teku yana janyewa sau biyu a rana, da hantsi in an buɗe shago, da kuma bayan la'asar, domin lokacin ne Alhaji ke da sarari.